Ƙugun Bilya da Taɓaryar Inna

Badi'a: Halo? Salamu alaikum. Inna, ina kwana, ya gida, ya kowa da kowa, dama cewa na yi bari in...

Inna: Tsaya. Wace ce wannan mai gaisuwa kamar an biyo ta da sanda?

Badi'a: Ni ce, Inna. Badi'a ce, daga Kudan.

Inna: Na san muryar 'yar da na haifa. Gaisuwar ce ban gane ba. A haɗa kwana da gida da mutane a ƙulle wuri guda a jefo wa tsohuwa kamar ƙullin gishiri. Ku yaran yanzu tun da aka ba ku waya kuka daina durƙusawa, yanzu kuma har bakin ma kuna son ku rage. Koma farko.

Badi'a: Inna, katin ne ba yawa.

Inna: Ba ni na ce ki kira ba. Koma farko.

Badi'a: To. Salamu alaikum.

Inna: Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Badi'a: Ina kwana, Inna?

Inna: Lafiya lau. Kin durƙusa?

Badi'a: Na durƙusa.

Inna: Ina jin numfashinki a tsaye, amma a bar shi. Ya gajiya?

Badi'a: Ba gajiya. Ya ƙarfin jiki?

Inna: Da godiya. Ya Malam Yahya? An fara saran raken?

Badi'a: An fara, yana can wurin dahuwar mazarƙwaila tun asuba. Ya ce a gaishe ki.

Inna: Ina amsawa. Ki ce masa ta bara ta yi baƙi, ya rage wuta. Ya Samira? Ya Zayyad da tarin nan nasa?

Badi'a: Ya warke sarai. Ya mutanen Furana? Ya gidan Liman? Ya su Mukarrama? Akuyar nan taki ta haihu kuwa?

Inna: Ta haihu, biyu. Saura kaji ba ki tambaya ba.

Badi'a: To ya kajin?

Inna: Suna gaishe ki. Kin gama da mutane, kin gama da dabbobi. Saura mutum ɗaya a gidan nan.

Badi'a: Ni dai gaisuwa na kira.

Inna: Gaisuwa. Jiya aka yi gudun tantance masu neman aikin ɗamara a Makarfi, ɗanki na fari yana cikinsu, yau da sassafe sai ga ki da gaisuwa. Shekara ashirin da uku ban taɓa jin sunan Bilya a bakinki ba, yau ma na san ba za ki tambaya ba.

Badi'a: Yaron nan ai naki ne, Inna. Tun yaye yake hannunki. Ni mene ne nawa?

Inna: Madalla. Haka na koya miki, haka uwata ta koya mini. To tun da ba ki tambaya ba, sai ki ji labarin yadda na ga dama, daga tushe.

Badi'a: Ko daga tsakiya ma...

Inna: Daga tushe. Kin dai san shekara shida mijin nan nawa yana bin Jumare mai kalangu, biki-biki, daga Ikara har Kurmin Kogi. Ya ɗaura akayau a ƙafa yana kacau-kacau, yana karkaɗa ƙugu mata na rangaɗa masa guɗa. Jikan mutumin da ya sauke Alƙur'ani sau ba adadi. Ranar da ya zo ya ce mini zai nemi aikin ɗamara na yi hamdala, na ce amma da sharaɗi, rawa ta ƙare. Na kwance akayau ɗin na jefa cikin rumbu. Na kuma rantse da Allah a gabansa ba za a sake taka rawa a gidan nan ba ina numfashi.

Badi'a: Wannan ai na sani.

Inna: Kin san kansa, ba ki san gindinsa ba. Aka ce musu sai wanda ya iya gudu za a ɗauka. Sai ya samo takalmin gwanjo, kullum aka sallame asuba ya hau hanyar Ikara, fafur-fafur, kamar wanda ya ɗauko na wani. Ba ya ɗan motsa jiki kafin ya tashi, in ya dawo kuma ba ya miƙe ƙafa, sai ya faɗa kan bencin mai shayi ya yi ta surutu har hantsi. Na ce masa ya bi a hankali. Ya ce wai shi da yake kwana... yake yini yana rawa, gudu wasan yara ne.

Badi'a: Halo? Inna, muryarki tana tafiya.

Inna: Ba inda ta je. Ina nan zaune a kan tabarma.

Badi'a: Matsa wajen bishiyar dalbejiyar nan, can ne sabis yake.

Inna: Ba zan iya tashi da sauri ba.

Badi'a: Lafiya? Ƙafar ce?

Inna: Za mu zo nan. Kina ji na yanzu?

Badi'a: Ina ji.

Inna: To sati biyu da fara gudun sai na ga tafiyarsa ta canza. Yana buɗa ƙafa kamar agwagwa. Sai na lura ya bar sahun gaba a masallaci, har Liman ya aiko yana tambaya. Rannan na leƙa ɗakinsa yana salla, ya zo zaman tahiya, sai ya miƙe ƙafa ɗaya gaba kamar tsoho ɗan shekara tamanin. Na tambaye shi, ya ce ba komai. In ya shiga bayan gida kuwa sai na ji yana salati kafin ya tsuguna, ya sake wani kafin ya miƙe.

Badi'a: Subhanallahi. Kuma bai faɗa ba?

Inna: Tambaya kike?

Badi'a: A'a. Magana ce kawai ta fito.

Inna: To mayar da ita. Saura kwana goma a yi gudun, na fito da hantsi zan yi surfe, na duba gindin turmi ba taɓarya. Taɓaryata ta kirya, wadda uwata ta sa mini a kayan ɗaki. Na duba madafa, na duba zaure. Sai na ji nishi bayan rumbu, irin nishin sa a huɗa. Na zaga. Badi'a, ga ɗanki kwance a ƙasa, daga shi sai gajeren wando, ya sa taɓaryata ƙarƙashin cinyarsa yana murzawa gaba da baya. Ina tsaye ya gama da cinya, ya juya, ya ɗora mata mazaunai.

Badi'a: Inna...

Inna: Dariya kike yi?

Badi'a: Tari ne. Na Zayyad ne na ɗauka.

Inna: Taɓaryar da a gidanmu namiji ko tsallake ta ba ya yi. Da ita nake daka abin da shi kansa yake ci. Na ce masa ya tashi. Ya yunƙura ya kasa, sai da ya kama ƙafar rumbu. A nan ne ya fashe. Wai cinyoyinsa sun ɗaure kamar itace, sha-raɓarsa kamar dutse, ƙugun nan da yake juyawa kamar ba ƙashi ya ƙage gaba ɗaya. Wai a waya ya ga masu gudu na ƙasashen waje suna da wani gungume da suke murza jiki a kai, shi kuwa duk gidan bai ga mai kama da shi ba sai taɓaryata. Ya ce in bai yi gudun nan ba sai wata shekara, wata shekarar kuma ƙila shekarunsa sun wuce. Har idonsa ya kawo ruwa.

Badi'a: To me kika... me aka yi?

Inna: Abin da na iya na yi. Shekara arba'in ina yi wa matan garin nan wankan jego, jijiyar da ta ɗaure ba baƙuwata ba ce. Washegari da asuba na ɗora babbar tukunyar nan, na sa ganyen dalbejiya da na tsamiya, na ce ya shiga makewayi ya zauna a kujera 'yar tsugune. Na tsoma ganye na fara fyaɗa masa a cinya. Ihun da ya yi, wallahi 'yar shekara goma sha takwas mai haihuwar fari ta fi shi dauriya.

Badi'a: Wankan jego kika yi wa namiji?

Inna: Jijiya ba ta san namiji ba. Na fito da shi na murje shi da man kaɗe, na dama masa kunun kanwa. Abin da ban lissafa ba shi ne ƙamshin ganyen. Kin san duk gidan da ƙamshin nan ya tashi da safe an san ma'anarsa. Kafin rana ta yi sama mata uku sun yi sallama, wai sun zo barka, wa ya sauka ba a gaya musu ba? Ɗaya har da garin kunu a kwano. Suna tsaye tsakar gida sai ga angon ya fito daga makewayi da zanena a ƙugu, tururi na tashi a jikinsa.

Badi'a: Wayyo cikina.

Inna: Matar Liman ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Sannu mai jego. Mace aka samu ko namiji?" Kafin azahar duk Furana ta ɗauka. Yanzu ko yara in sun gan shi sai su ce mai jego ya ruwan zafi.

Badi'a: Ai kin gama da shi a garin nan.

Inna: Shi ya gama da kansa ranar da ya ɓoye ciwo. Da ya faɗa tun kwana uku, da tsumma da ruwan ɗumi sun isa. To labarin ne ya kai kunnen Mukarrama, 'yar maƙwabcinmu da take aiki a asibiti a Ikara. Da yamma ta shigo da farin kayanta, ta gaishe ni yadda ya kamata, ita kam ta iya gaisuwa. Ta sa ya kwanta ta ɗaga ƙafarsa, ta lanƙwasa, ta danna nan ta danna can. Ta ce ba targaɗe ba karaya, tsoka ce ta ɗaure. Ta ce ruwana ya yi amma in sirka shi, kada in dafa yaro. Kunun kanwa kuma in bari. Na ce mata da kunun kanwar nan uwarta ta shayar da ita. Ta ce duk da haka.

Badi'a: Kuma kika yarda?

Inna: Na rage kanwar. Sai ta ce wai taɓaryar ma daidai ce, ya ci gaba da murzawa a hankali, safe da yamma, ban da kan ƙashi. A gabana fa. Na ce to ta zama tasa, ni dai ba za ta sake shiga turmina ba. Ta hana shi gudu kwana uku. Ta koya masa wasu miƙe-miƙe. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya kamar mai gaishe da hakimi, ya tura ƙugu gaba. Ya kwanta rigingine ya ɗora idon sawu a kan gwiwa ya jawo zuwa ƙirji. Ya dafa bango ya miƙe ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa. Kowanne ya tsaya a haka yana ƙirga talatin. Na ga yana satar ƙirgen, daga sha biyu sai ya faɗa ashirin, sai na ce a daina ƙirge, ya yi salatin Annabi biyar da ƙarfi ina ji. Wannan ba ya satuwa.

Badi'a: Sai ya saki?

Inna: Wa?

Badi'a: Ƙugun.

Inna: Ƙugun wa?

Badi'a: Na maigidan naki.

Inna: Cinya ta saki, sha-raɓa ta saki. Ƙugu ya ce bai san zancen ba. Dama Mukarrama ta faɗa tun ranar farko, ni ce na ƙi ji. Cewa ta yi jikin da ya shekara shida yana juyawa dama da hagu, yana sauka yana tashi, rana ɗaya aka ce masa gaba kawai zai riƙa yi, gaba, gaba, kamar keken ɗinki. Wai dole ya yi fushi. Maganinsa a mayar masa da kaɗan daga abin da ya saba, ya ɗan taka rawar nan tasa kafin ya fita gudu, jiki ya yi ɗumi, gaɓoɓi su buɗe.

Badi'a: A gidanki?

Inna: Haka na ce mata. Na ce ta ɗauki jakarta, magariba ta yi. Kwana biyu ina kallonsa yana jan ƙafar hagu. Ran na uku da la'asar na fito zaure na same shi zaune a dakali, abokan gudunsa suna wucewa a guje suna ɗaga masa hannu, shi kuwa yana riƙe da takardar da aka ba shi ta shiga gudun, yana ninkewa yana buɗewa. Da ya roƙa da na ji daɗin hana shi. To bai roƙa ba.

Badi'a: Allah sarki.

Inna: Ba Allah sarki ba, wayo ne irin na ubansa. Na ce ya shigo. Na sa sakata a ƙofar gida, na kora kaji, na ce ya zaga bayan rumbu. Na ce wannan ba rawa ba ce, magani ne, ba akayau, ba kiɗa, ba murmushi. Ya tsaya ya fara. Badi'a, ba ki ga abin tausayi ba. Mutum yana rawa ba kiɗa kamar kazar da aka yanka ba a gama ba. Ya ɗaga ƙafa ya rasa inda zai sa ta. Sai na ga ƙwarya a kife kusa da ni, na ɗauki ludayi na ɗan ƙwanƙwasa, don dai ya san lokacin sauke ƙafa.

Badi'a: Kiɗan ƙwarya kika yi masa.

Inna: Ƙwanƙwasawa na ce.

Badi'a: Sau nawa?

Inna: Har ya yi gumi. Amma rawar tasu ta zamani duk a kafaɗa take, tsalle da buga ƙafa. Na ce masa ba nan ne ciwon ba, ya sauka ƙasa, ya saki ƙugu ya zagaya da shi a hankali, kamar ana tankaɗe a faifai. Ya kasa ganewa. Na faɗa sau uku. To mutum in bai gane da baki ba...

Badi'a: Inna. Ba dai tashi kika yi ba?

Inna: Nuna masa na yi. Sau ɗaya.

Badi'a: Ashe gaskiyar marigayiya Gwaggo. Ta taɓa gaya mini a zamaninku in kika shiga dandali sauran 'yan mata komawa gefe suke yi su bar miki fili. Har daga Kurmin Kogi ake zuwa kallonki.

Inna: Gwaggonki Allah ya jiƙanta, amma bakinta bai taɓa samun sakata ba. Ni dai na sauka lafiya. Yaro ya buɗe baki yana kallona, ya ce, "Inna, ashe a gida na gaje ta." Na buɗe baki zan zage shi, na yunƙura in miƙe, sai wani abu ya ce ƙas a kwankwasona. A tsugune na tsaya. Shi ya ciccibe ni ya kai ni ɗaki.

Badi'a: Shi ya sa ba ki iya tashi da sauri?

Inna: Sanyi ne.

Badi'a: To ke wa yake yi miki gashin?

Inna: Ni nake yi wa kaina, da hannuna.

Badi'a: Taɓaryar fa? Kin gwada?

Inna: Ba na jin ki. Sabis ya ɗauke.

Badi'a: Na ce taɓaryar...

Inna: Har yanzu bai dawo ba. To kwana huɗu ana wannan magani bayan rumbu, ƙugu ya saki. Ya koma gudu, amma kaɗan-kaɗan, in ya dawo kuma ba benci, bango zai dafa ya yi salatinsa. Ni kuwa abu ya tsaya mini a rai, don na rantse. Na sa mayafi na dogara sanda na je wurin Liman, Malam Muhammadu Auwalu. Na yi masa bayani cewa motsa jiki ne aka yi a gidana saboda larura. Ya ce an juya ƙugu? Na ce an juya. Ya ce da kiɗa? Na ce da ƙwarya. Ya ce wa ya kaɗa? Na gyara mayafina. Ya dubi sandata, ya ce wa ya taka? Na ce Malam, fatawa na zo nema ba shari'a ba.

Badi'a: Me ya ce?

Inna: Sai da ya rufe baki da gefen rawani tukuna. Ya ce na kyauta da na duba lafiyar yaro, amma rantsuwa ta karye, sai kaffara. In ciyar da miskinai goma. Na ce na ji. Dawa tana rumbu.

Badi'a: To alhamdu lillahi. Sai jiyan kuma?

Inna: Jiya kuwa sai ya zamana ina da buƙata a Makarfi.

Badi'a: Ke da ba kya iya tashi?

Inna: Gida ba taɓarya, in zauna? Masassaƙin da na yarda da shi a can yake. Na shiga mota. Sai direban ya sauke mu daidai bakin filin da ake taruwa, ni kuma ƙafa ta gaji, na zauna gindin wani mangwaro in huta. Ba kallo na je ba.

Badi'a: Na sani, Inna.

Inna: Samari sun fi ɗari uku, kowa da lamba a ƙirji. Aka ce arba'in ɗin da suka fara dawowa su za a rubuta. Kowa na tsalle-tsalle yana buga ƙirji. Sai na hango naki ya koma gefe, ya dube ni, ya dubi jama'a, ya rufe ido. Ya sauka ƙasa ya fara tankaɗe da ƙugu. A tsakiyar Makarfi, rana tsaka. Fili ya ɗauki dariya. Wani ɗan Furana mara tarbiyya ya ɗaga murya ya ce a ba mai jego hanya. Har wani mai kaki ya taho ya tsaya kansa ya tambaye shi ko biki ya zo. Ya ce a'a, magani ne, kakarsa ce ta koya masa. Ya nuno ni da yatsa. Na ja mayafi na rufe fuska.

Badi'a: Sai aka tashi?

Inna: Aka busa usur suka zuba. Na ga rigarsa can baya-baya, har na ce a raina wannan ko akuyata mai jego ta fi shi sauri. Suka sha kwana suka ɓace. To ni zama ba nawa ba ne, na aika aka kira mini masassaƙin ya zo da taɓare uku in zaɓa. Ɗaya ta marke, biyu na kirya. Ta marken ba nauyi, amma kin san marke...

Badi'a: Inna, wayar ta ce saura minti ɗaya.

Inna: Marke yana tsagewa in ya sha rana. Ta kiryar kuma ɗaya kanta ya yi faɗi, ɗayar...

Badi'a: Inna.

Inna: Ɗayar ta yi daidai hannu amma ba a goge ta sosai ba, sai na ce masa...

Badi'a: Inna, don girman Allah, Bilya ya shiga ko bai shiga ba?

Inna: ...

Badi'a: Halo? Inna?

Inna: Ina nan. Wa kika ce?

Badi'a: Kin ji ni.

Inna: Na ji. Yau na ga ƙarshen zamani, uwa ta kama sunan ɗan fari a gaban uwarta.

Badi'a: Ki yi mini faɗan gobe. Ya shiga?

Inna: Na goma sha bakwai. Da ƙafarsa, ba ɗingishi. Waɗanda suka yi masa dariya suna zubewa a ƙasa suna riƙe cinya, shi ya wuce ya dafa motar masu kakin yana salati. An rubuta sunansa, wata mai zuwa za su tafi horo.

Badi'a: Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Allah na gode maka.

Inna: Kuka kike?

Badi'a: Hayaƙi ne.

Inna: To goge hayaƙin ki ji sauran. Shi ya saɓo sabuwar taɓaryar a kafaɗa tun daga tasha har gida. Na ce masa ƙafarsa ce ta karya mini rantsuwa, hannunsa zai biya. Dawar kaffara shi zai surfa, shi zai daka, a tsakar gida, ƙofa a buɗe. Kuma dakan gidan nan nasa ne har ranar da mota za ta ɗauke shi. Bari in juya miki wayar. Kina jin lugude?

Badi'a: Ina ji. Shi ne?

Inna: Shi ne. Ga matar Liman nan a bakin ƙofa ta kawo kujera.

Badi'a: Inna, ɗan miƙa masa wayar, kalma ɗaya zan...

Inna: Hannunsa biyu suna kan taɓarya. Ki faɗa mini in faɗa masa. Halo? Badi'a? Ke Badi'a? Ta tafi. Kai kuma wa ya ce ka tsaya? Uwarka ce. Ta kira sunanka, da bakinta, ni shaida ce. To rufe bakin, kada ƙuda ya shiga. Saura tsaba a turmin nan.